Manta-uwa a Wuyan Dabino

Sana'ata fata ce. Tun ina saurayi nake bin kasuwannin ƙauye, yau Itas, jibi Gololo, ina sayen fatun awaki da ƙiraga, in kawo su Azare in shanya, in ɗaure, in kai kanti. Wanda ya san wannan sana'a ya san warinta. Ko da sabulu na yi wanka na shiga masallaci, na kusa da ni a sahu sai ya ɗan muskuta. To mai wannan warin ne Allah ya jarabta da son fure, furen ma wanda ba a ci, ba a miya da shi, ba a rina ko zaren hula da shi.

Abin ya same ni a hanyar Disina, a shekarun da sojojinmu ke dawowa daga yaƙin Bama, zamanin Turawa. A lokacin furfura ta riga ta fara leƙowa a gemuna, don haka ba ni da damar in ɗora wa ƙuruciya laifi. Rani ne, sanyi ya fara ja da baya. Na tsaya a gindin wata goruba kusa da kogi don in gyara wa jaki kaya, na ɗaga kai, sai na ga wani tsiro ya yi zamansa daram a inda gorubar ta rabu biyu. Kararensa kamar ƙananan rake. Saiwoyinsa farare ne, sun miƙe suna kallon sama maimakon ƙasa. Daga kan kararen kuma wasu siraran rassa sun rankwafo cike da furanni ruwan ɗorawa, kowanne da ɗige-ɗige masu duhu a jikinsa. Har da wani ɗan ƙamshi da ya iya ratsa warin kayana ya iso hancina. Na saki baki na tsaya.

Wata tsohuwar Bafulatana mai tallar nono ce ta dawo da ni hayyacina. Ta ce, "Kai Kaɗo, kana kallon manta-uwa, jakinka yana cin albasar mutane."

Manta-uwa dai ba wanda bai san ta ba a ƙasarmu. Maganin yaye ce. In za a cire yaro daga nono akan kai shi gidan kakarsa, a daka karan nan a jiƙa, a zuba masa a kunu, wai don hankalinsa ya kwanta ya daina neman uwarsa. Na sha ganinta a shimfiɗar masu magani a kasuwa, a bushe, a yamushe, ban taɓa zaton tana yin wani abin kallo ba. Na ɗaure jaki, na ba mai albasa haƙuri, na tuɓe riga, na hau goruba da wuƙar kankare fata a bakina. Yadda na sauko ba sai na faɗa ba, fatar cikina ta daɗe tana tuna mini. Na ɗora abin a kan kaya muka kama hanya. Kafin mu iso Azare rana da sukuwar jaki sun kakkaɓe furannin kaf, na shiga gida da tulin kara da saiwa ina ba da labarin abin da ba wanda ya gani sai ni.

Ni ɗan manomi ne, jikan manomi. A sanina duk abin da ke da saiwa ƙasa yake so, da taki, da ruwa. Na haƙa rami a bayan rijiya, na zuba takin awaki, na binne saiwoyin nan da kyau na daddanna da ƙafa, na kewaye da shingen kara. Safe da yamma ina ban ruwa, ni da ko butar alwalata sai an cika mini. Mai ɗakina ta tsaya tana kallona da ludayi a hannu, ta ce, "Malam, abin da ka ciro daga kan itace, me ya sa kake binne shi?" Na ce mata ta je ta ji da miyarta, harkar shuka ba ta mata ba ce. Ba a jima ba kararen suka yi laushi, suka yi baƙi, suka kama wari, har suka so su fi ni.

Da na zauna na yi dogon nazari, sai na gano laifin ƙasar Azare ne, rairayi ya yi mata yawa. Na koma Disina na sake hawan goruba. Wannan karon har Katagum na je na ɗebo baƙar laka daga fadama, na cika tsohuwar randa da ita, na dasa, na kafa mata rumfa saboda rana. Wannan ta fi ta farko saurin ruɓewa. Mai ɗakina kuwa duk sanda ta wuce ta gaban randar takan yi mata sannu da jiki.

Ina da zuciya, wannan kowa ya sani a unguwarmu. Ranar da na tono ta biyun na ga saiwar ta zama kamar jiƙaƙƙen tsumma, na ɗaga ragowar na yi jifa da ita iya ƙarfina, ina faɗin maganganun da ba su dace da mai gemu ba. A tsakar gidanmu akwai wani namijin dabino da muka gada, ba ya 'ya'ya, ba ya inuwar kirki, sai ƙaya. A wuyansa abin ya maƙale, tsakanin kututturan tsofaffin rassa. Na ce can ya dace da ita, marar amfani ya sami ɗan'uwansa. Na wanke hannu, na manta da zancen.

Bayan damina autarmu ce ta kira ni. A lokacin ta zama budurwa, ana maganar aurenta. Ta ce, "Baba, zo ka ga abin da ka jefar." Na ɗaga kai, ga fararen saiwoyi sun fito sun rungume dabino, ga sababbin karare kore shar. Abin da na yi wa hidima kamar baƙon sarki ya mutu, wanda na zaga na jefar ya rayu. Da yamma a majalisarmu ta ƙofar gida na bayyana wa mutane cewa dama haka na tsara, gwaji nake yi. Mai ɗakina tana jina daga cikin gida, na ji ta yi tari.

A hankali na gane halinta. Ba ta son a taɓa ta. Saiwoyin nan da ke kallon sama su ke tare mata busassun ganye da kashin tsuntsu, abincinta ke nan. Kowace damina tana fitar da sababbin karare, kuma a kan sabon karan da ya cika ya yi ƙiba ne fure ke fitowa in rani ya yi. Ke nan aikina ɗaya ne, in yi haƙuri in bar karan ya kai rani. A nan ne matan unguwa suka shigo zancen.

Labari ya bazu cewa a gidan mai fata akwai ɗanyar manta-uwa, ba sai an je kasuwa an sayi busasshiya ba. Azare kuwa gari ne da ba a hutawa da haihuwa, duk wanda aka haifa kuma sai an yaye shi. Ina fita kasuwar ƙauye sai wata tsohuwa ta yi sallama, a gaisa, a tambayi lafiyar yara, sannan a ɗaga kai a dubi dabino. Kuma ba sa son tsohon kara, sai sabon nan mai ƙiba, mai ruwa, wanda nake jira. In na dawo sai in tarar da gurbin yanka yana tsattsafo da ruwa.

Na yi faɗa har muryata ta dushe. Mai ɗakina ta ce, "Malam, a ce an zo gidana neman maganin yaye na hana? Da wace fuska zan shiga gidan suna? Kuma wacce ta zo jiya ita ta yanke wa autarka cibi."

Na ce to ni furen fa?

Ta ce, "Wane fure? Mu dai tunda muke ba mu gan shi ba."

Wannan maganar ita ta fi yi mini ciwo, domin ba ita kaɗai ke faɗa ba. A majalisa an naɗa ni Sarkin Fure. In na fito sai wani ya ce, "Ran sarki ya daɗe, ya talakawa, sun fito kuwa?" Wani maƙeri abokina ya ce shi a ganinsa rana ce ta buge ni a hanyar Disina, na ga ɗige-ɗige a idona. Na ɗauke tsani na kulle shi a ɗakin fatu, matan suka zo da gora mai ƙugiya. Na ɗaura ƙayar magarya a jikin dabino, wanda ta fara soka ni ne. Na sayo busasshiyar manta-uwa na ajiye a gida don masu nema, suka karɓa suka yi godiya, suka ce amma ba ta kai ɗanya ƙarfi ba, a ɗan haɗa musu.

Autata ce kaɗai ba ta taɓa yi mini dariya ba. Takan sa ni in sake ba ta labarin furen, ta tambayi girmansa, ta tambaya ɗigon ja ne ko baƙi. Ranar da za a kai ta gidan miji a Katagum, da ta zo yi mini sallama, bayan kuka da nasiha, ta ɗago mayafi kaɗan ta ce, "Baba, in ya yi fure ka aiko mini, ko a ƙafa zan zo." Na ce in sha Allahu. Daga ranar abin ya wuce gardama da 'yan majalisa, ya zama alkawari ne a wuyana.

Shekaru suka yi ta tafiya a haka, damina ta ba ni kara, yaye ya ƙwace. Har aka kai wata shekara da Allah ya ɓoye mini guda ɗaya. Ya fito ne ta bayan dabinon, ta wajen katanga, inda ba a hango shi daga tsakar gida. Sauran duk an yanke, sai tsofaffin da suka bushe. Ban gaya wa kowa ba. In zan duba shi sai in yi kamar katanga nake dubawa, har mai ɗakina ta fara tambaya ko rushewa za ta yi. Da sanyi ya fara sauƙi sai ga siririn reshe ya ɓullo a kansa, da 'yan ƙulle-ƙulle kore a jere. Na tsaya a bayan dabino ni kaɗai ina murmushi kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka. Na sami wani mai zuwa kasuwar Katagum na ce ya biya gidan surukaina ya gaya wa 'yata cewa abin nan ya kusa.

Amsar da ta zo mini daga Katagum jikata ce, goye a bayan gwaggon mijin 'yata. Lokacin yaye ya yi, an kawo ta wajen kakarta kamar yadda aka saba. Ita ce 'yar farin autata, yarinya mai manyan idanu da 'yar munduwa a hannu. Na karɓe ta ina tsokana irin ta kaka da jika, na ce ga amaryata ta iso, tsohuwa sai ta tattara kayanta. Yarinyar ta dube ni, ta dubi gidan, ta ga ba uwarta, ta buɗe baki.

Na ga yaye da yawa a rayuwata, ban ga mai taurin wannan ba. An dama kunu ta kawar da kai. An ba ta fura ta ture. An karɓo rubutu wajen malam, an ɗura mata, ta dawo da shi. An jiƙa busasshiyar manta-uwar nan tawa ta kasuwa, ko a jikinta. Kullum sai ta rarrafa ko ta taka ta je bakin zaure ta tsaya tana kallon hanya tana kiran uwarta, har muryar ta koma 'yar siririya. Da farko na ce halin gidanmu ne, zuciyata ta gado. Da aka kwana biyu na daina wasa, domin idanun nan sun fara faɗawa.

Mai ɗakina ba ta roƙe ni ba. Wata safiya na fito daga ɗaki sai na ga tsanina, wanda nake kullewa, an jingina shi a jikin dabino, ta bayan, ta wajen katanga, daidai inda karan yake. Ashe ta daɗe da sani. Ita kuwa tana madafa tana hura wuta, ta ba ni baya.

Na tsaya a tsakar gida na yi wa tsani wa'azi. Na ce wannan duk camfi ne na mata. Na ce kara ba ya sa mutum mantuwa, in da yana sawa da masu bin bashi sun ƙare a duniya. Na ce yunwa ce za ta sa yarinya ta ci abinci, a ƙara haƙuri. Na ce saura ƙiris furen ya buɗe, kuma na yi wa uwar yarinyar nan alkawari. Ina cikin wannan sai jikar tawa ta taho za ta wuce zaure wajen tsayuwarta, ta ɗaga hannu za ta dafa ƙafata, da ta sauke shi sai munduwar ta zame ta faɗi ƙasa. Ranar da aka kawo ta munduwar nan cif take a hannunta.

Tsoro ya kama ni, tsoro na gaske. Na ɗauko wuƙa na hau. Ƙulle-ƙullen sun kumbura, na ƙasan har ya fara tsagewa, ana hango ruwan ɗorawa a ciki. Na kawar da kai na yanke karan daga tushe. Wajen saukowa ƙayar dabino ta kama wandona ta raba shi har gwiwa, na ƙarasa matakan ƙarshe da mazaunai. Haka na miƙa wa mai ɗakina karan, hannu ɗaya riƙe da wando. Ta karɓa ta ce, "Sannu, Malam," ba ta yi dariya ba, na kuwa gode mata. Reshen furen na cire na tsoma a gorar ruwa ko zai buɗe. Ya yi yaushi, ƙulle-ƙullen suka zube, akuya ta ƙarasa sauran.

Washegari yarinyar ta sha kunu. Ko karan ne, ko yunwa ce ta kai mata iya wuya, Allah ne masani. Amma ni da na yi wa tsani wa'azin camfi, kafin azahar na kai labari majalisa, kafin la'asar na kai kasuwa. Na ce manta-uwar gidana ba irin ta kowa ba ce, sha ɗaya take yi. Na ce a tambayi jikata. Yarinyar kuwa ta murmure, kumatu suka dawo, ta daina zuwa bakin zaure. Ta liƙe mini, duk inda na sa ƙafa tana riƙe da gefen rigata, har ɗakin fatu take bina, warin bai dame ta ba. A duk Azare ita ce mutum ta farko da ta taɓa matsowa kusa da ni don ra'ayin kanta. Na ji daɗin wannan fiye da yadda zan iya faɗa.

Da yaye ya kammala autata ta zo ɗaukar 'yarta. Na sa wankakkiyar riga na zauna a tsakar gida ina jiran godiya. Matan maƙwabta sun shigo ganin baƙuwa. Ta gaishe ni, ta gaishe da uwarta, ta bi kowa da gaisuwa, ba ta ko dubi inda yarinyar take ba, domin 'yar fari ce, akwai kunya, ba a nuna ɗoki a gaban iyaye. Sai da aka natsa sannan kakar ta ce wa yarinyar, "Je ki, ga baƙuwa." Autata ta ɗan miƙa hannu ƙasa-ƙasa, iyakar abin da kunya ta yarda mata ke nan.

Yarinyar ta dube ta kamar yadda take duban mai tallar gishiri. Ta ja da baya, ta zagaya bayana, ta cusa fuska a rigata. Aka janyo ta aka tura gaba, ta ƙanƙame ƙafata ta fashe da kuka. Matan suka kwashe da dariya. Tsohuwar nan da ta yanke cibi ta ce, "Magani ya ci. Malam, manta-uwarka ba ta wasa." Autata ma ta yi dariya yadda ya kamata, ta mayar da hannunta cikin mayafi. Ni ma na buɗe baki zan ƙara da nawa, sai na ga dariyar ta ɗauke daga fuskarta, na fasa.

Da mata suka shiga ɗaki duba tsaraba, autata ta tashi ta je gindin dabino ta tsaya, ta ɗaga kai. Ta daɗe a haka. Na taka na same ta, yarinyar tana biye da ni tana ɓuya.

Ta ce, "Baba, an gaya mini ya kusa."

Na ce, "Ya kusa. Na yanke shi, shi aka jiƙa mata."

Ba ta sauke kai ba. Hawaye ya gangaro ta gefen idonta ya nufi kunne, ta ce rana ce ta shigar mata ido. Sannan ta ce, "Da ka bar shi ya buɗe, Baba."

Na sunkuya ina ɓamɓare yatsun yarinyar daga rigata ɗaya bayan ɗaya don in miƙa ta ga uwarta, in na cire wannan sai ta kama da wancan.